Tagullar Benin: Yadda Aka Kwashe Tarihin Wata Al'umma A Matsayin Ganima

A wannan makon za mu gangara kudu zuwa Birnin Benin, hedikwatar jihar Edo a yau. Kada mu rikita shi da Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu, wadda a da ake kira Dahomey. Abin da ya faru a wannan birni a shekarar 1897 ya shafi duk mai riƙe da alƙalami, domin a can ne al'umma biyu suka dubi abu guda, kowace ta ga wani abu daban, kuma wadda ke da bindiga ita ta samu damar raɗa wa abin suna ta rubuta labarinsa. Sannan kamar yadda za mu gani, akwai sawun Hausawa a cikin labarin.

Bari mu fara da kayan kansu. A Benin akwai wata unguwa mai suna Igun, inda ƙungiyar maƙeran fari da ake kira Igun Eronmwon take zaune tun shekaru aru-aru. Sana'ar gado ce, kuma a da aikin na Oba ne, wato sarkin Benin. A wancan zamani babu mai sa a zuba masa tagulla sai da izininsa. Maƙeri zai fara gina siffar da yumɓu, ya shafe ta da kakin zuma, ya zana duk abin da yake so a jikin kakin, tun daga ƙwayar ido har zuwa kowane ɗan tsakiyar murjani da ke wuya. Daga nan sai ya sake lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya kwarara narkakkiyar tagulla a gurbin da kakin ya bari. In ta huce sai a fasa yumɓun. Tunda dole a fasa mazubin kafin a ciro aikin, kowane zubi shi kaɗai ne irinsa a duniya. Masu sassaƙa hauren giwa su ma suna da tasu ƙungiyar, Igbesanmwan.

Mafi yawan ƙarfen ta teku ya zo. Turawan Fotugal sun isa Benin wajen 1485, kuma su da 'yan kasuwar Turai da suka biyo bayansu sun riƙa kawo mundayen tagulla suna musaya da barkono da hauren giwa da tufafi da kuma bayi. Waɗannan mundaye ake narkewa. Shi ya sa a jikin wasu allunan tagullar za mu ga Bafotugale da dogon gashi da gemu, riƙe da bindiga ko munduwa. Wani marubuci ɗan Holan, Olfert Dapper, ya wallafa a 1668 labarin da matafiya suka kawo masa na fadar Benin, inda ya ambaci ginshiƙai da aka lulluɓe da tagulla mai ɗauke da hotunan yaƙe-yaƙensu.

To mene ne amfanin waɗannan kaya a wurin masu su? Idan Oba ya rasu, ɗansa da ya gaje shi zai sa a zuba kan tagulla domin tunawa da shi, a ɗora a kan wani dakali na musamman a cikin fada, a kafa sassaƙaƙƙen hauren giwa a saman kan, a jera ƙararrawa da sanduna a gefe. A gaban wannan dakali sabon sarki yake tabbatar da cewa shi magajin na gabansa ne. Allunan kuwa suna nuna wane basarake ke tsayawa a ina, wace irin sutura ta dace da wane muƙami, wane yaƙi aka yi a zamanin wa. Masana sun ruwaito cewa a harshen Edo akwai maganar da ake nufin tunawa da ita, wadda ma'anarta ta zahiri ita ce zuba siffa a tagulla. Mu nan muna da littafin Tarihin Kano, muna da kirarin sarakuna a bakin maroƙa da 'yan tambari. Mutanen Benin ba su da ajami, sai suka ajiye nasu a ƙarfe da haure, tare da dattawan fada da suka san yadda ake karanta su.

Oba Ovonramwen ya hau gadon sarauta a 1888, lokacin da Ingila ta riga ta kafa ƙafa a bakin teku tana neman manja da ƙwarar kwakwa, daga baya kuma roba. A 1892 wani ƙaramin jakadan Ingila, Henry Gallwey, ya je Benin ya dawo da takardar yarjejeniya wadda a fahimtar Turawa ta sa ƙasar ƙarƙashin kariyar Sarauniya, ta kuma buɗe ciniki ga kowa. Oba ya ci gaba da karɓar harajinsa daga fatake 'yan Itsekiri, in suka ƙi biya ya rufe kasuwa, kamar yadda kakanninsa suke yi. Su kuwa kamfanonin Turawa sai suka kira wannan saɓa alkawari.

A watan Nuwamba 1896, James Phillips, muƙaddashin babban jakada a yankin da Ingila ke iko da shi a gaɓar Neja, ya rubuta wa ma'aikatar harkokin waje a Landan yana neman izinin kai sojoji Benin ya tuɓe Oba. A cikin wasiƙar ya nuna yana sa ran hauren giwar da za a samu a gidan sarki zai biya kuɗin aikin. Mu riƙe wannan da kyau: tun kafin a zubar da jinin Bature ko ɗaya, an riga an yi lissafin dukiyar fada. Phillips bai jira amsa ba. Ya kama hanya da Turawa takwas da 'yan dako sama da 200, ya aika cewa ziyarar zumunci ya zo. Oba ya aiko a ce masa ya dakata, domin yana cikin wani lokaci na ibadar gargajiya da ba ya ganin baƙi. Phillips ya ce shi ba ya da lokacin jira. Ranar 4 ga Janairu 1897, kusa da ƙauyen Ugbine, mayaƙan Benin ƙarƙashin basarake Ologbosere suka yi wa ayarin kwanton ɓauna. Turawa bakwai suka mutu har da Phillips, biyu suka tsira, Alan Boisragon da Ralph Locke. 'Yan dakon da aka kashe ko aka kama sun fi Turawan yawa nesa ba kusa ba, amma sunayen Turawan ne jaridun Landan suka buga.

Cikin makonni kaɗan aka tara mayaƙa kimanin 1,200 ƙarƙashin wani hafsan sojan ruwa, Harry Rawson, ban da tarin 'yan dako. Suka shiga ta hanyoyi uku, da igwa da bindiga mai ruwa da rokoki. Ranar 18 ga Fabrairu suka ci birnin. Sun ƙone gidajen wasu manyan sarakuna da gangan, sannan ranar 21 ga wata gobara ta tashi ta cinye fadar, wadda su Turawan suka ce tsautsayi ne.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Cikin waɗanda suka shiga Benin akwai sojojin Afirka da Turawa ke jagoranta, kuma a littattafan hafsoshin da suka yi yaƙin, sunan da ake kiransu da shi shi ne Hausawa. Asalin abin ya koma 1863, lokacin da John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas daga Hausawan da yawancinsu suka gudo daga bauta. Daga baya sunan ya zama na kusan duk baƙin sojan Ingila a wannan yanki, ko Bayarabe ne ko Banufe, amma akwai Hausawa na ainihi da yawa a cikinsu, kuma irin waɗannan sojoji an kai su yaƙin Asante a ƙasar Gana ta yau. Shekara shida bayan Benin, rundunar da aka gina da irin waɗannan mutane ita ta fasa ganuwar Kano a Fabrairu 1903, ta ci Sakkwato a Maris, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai abin da bai kamata mu ɓoye ba. A Benin ta wancan lokaci ana yanka mutane domin tsafi, kuma sojojin da suka shiga birnin sun tarar da gawarwakin waɗanda aka yi hadaya da su yayin da yaƙi ke matsowa. Wannan ya faru, kuma waɗanda aka yanka mutane ne masu iyaye da 'ya'ya. Sai dai mu lura da yadda aka yi amfani da gaskiyar. Tun a shekarar 1897 ɗin wani hafsa, Reginald Bacon, ya fitar da littafi da ya raɗa wa Benin suna Birnin Jini, Boisragon kuma ya fitar da nasa a kan kisan ayarin Phillips. Mai karatu a Ingila ya ji labarin hadaya dalla-dalla. Bai ji adadin mutanen da bindiga mai ruwa ta kashe a daji da ƙauyuka ba, domin babu wanda ya tsaya ƙirga su. Bai kuma ga wasiƙar hauren giwa ba.

Daga nan sai kwasar ganima. An tara dubban kayayyaki a harabar fada: kawunan tagulla, sassaƙaƙƙun haure, ƙararrawa, siffofin damisa da zakara, kayan murjani, da alluna sama da 900 da aka tarar jibge a wani ɗakin ajiya. Akwai hotunan da aka ɗauka a lokacin, hafsoshi na zaune a tsakiyar kayan. Wani kaso aka ware wa gwamnati aka sayar domin rage kuɗin yaƙi, saura kuma hafsoshi suka raba, kowa ya kai gida. Kafin shekarar ta ƙare, gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya baje alluna kusan 300 jama'a na kallo, daga baya aka bar masa kimanin 200. Dillalai irin su William Webster suka riƙa saye a hannun sojoji suna buga jerin kaya da farashi. Wani masani a Berlin, Felix von Luschan, ya fi kowa gane darajarsu, ya saya wa gidan tarihinsu sama da guda 500.

Kayan sun jefa masanan Turai cikin ruɗu. Sun riga sun rubuta cewa waɗannan mutane ba su da wayewa, ga shi kuma sun ga zubin da Luschan ya ce ko shahararren maƙerin Italiya Benvenuto Cellini ba zai fi shi ba. Sai wasu suka ce ai Turawan Fotugal ne suka koya musu, wasu suka ce daga Misira fasahar ta zo. Irin haka ta sake faruwa a 1910, lokacin da Bajamushe Leo Frobenius ya ga kawunan Ile-Ife ya danganta su da Atlantis, wata ƙasa ta almara da ake cewa ta nutse a teku. Luschan dai ya tsaya a kan cewa aikin Benin na Afirka ne tsantsa.

A nan ainihin karon al'adun yake. A idon mai tara kaya, kan tagulla abu ne da yake cikakke shi kaɗai: a auna tsawonsa, a ba shi lamba, a rubuta masa 'yar takarda, a sa shi cikin gilashi kusa da makamancinsa daga wata nahiya domin a kwatanta. A idon mutumin Benin, kan nan ba ya da cikakkiyar ma'ana sai yana kan dakalinsa, da haurensa a sama, da sunan sarkin da aka zuba shi dominsa, da mutanen da hakkinsu ne su kula da shi. Waɗanda suka kwashe kayan ba su rubuta wane kai suka ɗauko daga wane dakali ba. Kai ya tafi wani gari, haurensa ya tafi wata ƙasa. Har yau masana na ta ƙoƙarin gano wane kai ne na wane ƙarni ta hanyar duba kaurin ƙarfe da tsawon murjanin wuya. Mu ƙaddara wani ya shiga ɗakin karatun malami ya kwance ɗaurin littattafan da ke gafaka, ya raba wa abokansa warƙa-warƙa saboda kyan rubutu da zayyana. Ko da kowace warƙa ta tsira daga gara da ruwa, littafin dai ya lalace.

Oba Ovonramwen ya miƙa wuya a watan Agusta 1897. A shari'ar da babban jakada Ralph Moor ya jagoranta, shaidar da aka bayar ta nuna ba shi ya ba da umarnin kashe ayarin ba, duk da haka aka kai shi Kalaba, inda ya rasu a Janairu 1914, watan da aka haɗe Arewa da Kudu. Ologbosere ya ci gaba da yaƙin sunƙuru har 1899, aka kama shi aka rataye. Da aka naɗa ɗan Ovonramwen a matsayin Eweka na biyu a 1914, sai ya sake gina fada, ya sa maƙeran Igun su zuba sababbin kawuna domin dakalan da aka bari fayau. Har gobe ana zubi a wannan unguwa.

Wanda ya fi dacewa mu yi koyi da shi shi ne Jacob Egharevba. Yana ƙaramin yaro aka ci Benin. Da ya girma sai ya bi dattawan da suka yi zamani da tsohuwar fada yana tambaya yana rubutawa, ya fitar da taƙaitaccen tarihin Benin da harshen Edo a 1933, fassarar Ingilishi ta biyo baya. A daidai wannan shekara aka shirya gasar rubutu a Zariya ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Duk mai nazarin tagullar Benin a yau, ko a Landan yake ko a Berlin, sai ya koma ga littafin Egharevba domin jerin sarakuna. Da ya jira shekara ashirin, da dattawan sun tafi da abin da suka sani.

Wani cikinmu zai ce, ina ruwanmu da gumaka? Ba sai mutum ya yarda da abin da ake yi a gaban dakalin ba kafin ya gane cewa an fasa gidan mutane an kwashe musu kaya. Kuma masu kwasar ba su bambanta gunki da littafi ba. A 1890 sojojin Faransa ƙarƙashin Louis Archinard suka ci Segu, a ƙasar Mali ta yau, suka kwashe ɗakin karatun Ahmadu ɗan Alhaji Umaru Futi, wanda mahaifinsa ya zauna shekaru a Sakkwato har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Bello. Ɗaruruwan littattafan nan na Larabci suna babban ɗakin karatu na Faris har yanzu. A Sakkwato ma, wasiƙun da aka tarar a gidan Waziri Buhari a 1903 hannun Turawa suka shiga, kuma wani jami'insu, H. F. Backwell, ya fassara su ya buga a 1927. Da yawanmu ta fassararsa muka fara sanin abin da sarakunanmu suka rubuta wa juna yayin da Nasara ke matsowa.

Neman a maido kayan ya daɗe. A 1938 an mayar wa Oba Akenzua na biyu wasu kayan murjanin kakansa. Daga 1950 gidan tarihin Birtaniya ya sayar da wasu alluna da ya ce maimai ne, Najeriya ta sa kuɗi ta sayi wasu daga cikin kayanta. A 1977, da za a yi bikin FESTAC a Legas, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, an zaɓi fuskar hauren giwa ta Idia, mahaifiyar Oba Esigie na ƙarni na 16, a matsayin tambarin biki. Najeriya ta nemi aro, gidan tarihin Birtaniya ya hana, sai da masassaƙan Benin suka yi wata. Masu shekaru a cikinmu za su tuna wannan fuska a bayan tsohuwar takardar naira ɗaya.

Sai a 'yan shekarun nan ƙofa ta fara buɗewa. A Oktoba 2021 wata kwaleji a jami'ar Cambridge ta maido zakaran tagulla, jami'ar Aberdeen ta maido kan wani Oba. A 2022 Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar kaya sama da 1,000, gidan tarihin Horniman na Landan ya miƙa 72, cibiyar Smithsonian ta Amurka ta miƙa 29. A 2023 gwamnatin Muhammadu Buhari ta fitar da sanarwa cewa Oba ne mai kayan da aka maido. A 2025 Holan ta maido 119. Gidan tarihin Birtaniya, mai riƙe da kimanin 900, yana kafa hujja da wata doka ta 1963 da ta hana shi rabuwa da kayansa.

Muhawarar ba ta ƙare ba, kuma marubuci na gari zai saurari kowane ɓangare. Masu riƙe da kayan suna cewa miliyoyin mutane na ganinsu a Landan, kuma an taɓa sace kaya a gidajen tarihin Najeriya. Masu nema suna amsa cewa ɗan Benin sai ya samu biza da kuɗin jirgi kafin ya ga aikin kakansa, kuma wanda ya ƙwace maka abu ba shi zai yanke hukunci ko ɗakinka na da ƙyaure mai ƙwari ba. Wasu jikokin bayi a Amurka su ma sun ce suna da hakki a kayan, tunda da mundayen da aka sayi kakanninsu aka zuba wasu. A cikin gida kuma an yi ta ja-in-ja tsakanin fada da gwamnatin jiha da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a kan inda za a ajiye su.

Me za mu ɗauka a matsayinmu na masu koyon rubutu? Na farko, mu riƙa tuhumar kalmomin da muka gada. Turawa sun kira abin da ya faru a Ugbine kisan gilla, suka kira ƙone birni guda yaƙin ladabtarwa. Idan muka fassara waɗannan kalmomi zuwa Hausa ba tare da tunani ba, mun ɗauki hukuncinsu mun sa a bakinmu. Na biyu, mu nemi waɗanda aka bari babu suna. Ɗan dakon da ya mutu a hanyar Benin yana ɗauke da akwatin Bature, da sojan nan Bahaushe da ya gudo daga bauta ya sa kaki, aka tura shi ya fasa garin da bai taɓa jin sunansa ba, ya ɗauki haure a ka zuwa bakin ruwa, wataƙila kuma bayan shekara shida ya tsaya a gaban ganuwar garinsu da bindiga a hannu: ga labari nan mai nauyi yana jiran wanda zai zauna ya yi bincike ya rubuta shi da Hausa.

Na uku shi ne aikin Egharevba, kuma ba ya bukatar biza. A gidajenmu da fadojinmu akwai takubba da sulke da kwalkwali da tambura da tsofaffin littattafai a gafaka. Wasu suna Gidan Makama a Kano, wasu takardun suna Arewa House a Kaduna, da yawa kuma suna ƙarƙashin gado a ɗakin wata tsohuwa, dillalan kayan tarihi na zagayawa suna taya su da kuɗi kaɗan. Kowannenmu ya zaɓi abu guda a danginsu ko unguwarsu, ya je wurin wanda ya fi kowa shekaru ya tambaya: wa ya ƙera shi, wa ya fara riƙe shi, a wace rana ake fito da shi, wa aka hana ya taɓa shi, me ake kiransa? Ya rubuta amsar yadda aka faɗa masa, da sunan gari da kwanan wata, ya ɗauki hoto, ya bar kayan a inda ya same su. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma masu waƙar suna ta raguwa.